Jimlar da Ta Kai Mu Darini

Shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai ta Katsina aka turo ni Batsari. Ban cika wata biyu ba sai malamin gona na gundumar, wani dattijo abokin mahaifina, ya same ni a zaure da takarda a hannu. Baturen gona zai gwada Turancin ma'aikatansa a barikin Safana, wanda ya kasa kuwa za a sallame shi. Dattijon ya tsufa yana rabon irin gyaɗa, amma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba.

Muka riƙa zama kullum bayan la'asar. Abubuwa suka tafi daidai har muka zo kan yadda Turawa ke faɗin abin da bai faru ba tukuna. Littafina ya ce mai magana a kan kansa ya sa shall, in a kan wani ne ya sa will. Shafi na gaba kuma ya ce idan mutum ya ƙudura aniya ƙwarai, sai a musanya su. Na karanta wurin ya fi sau goma, har yau kuwa ba zan rantse na san inda niyya take komawa ƙuduri ba.

Na rubuta masa misali, I shall go to Darini tomorrow, na ce ma'anarsa gobe zan je Darini, wani ƙauye a gundumarmu. Ya maimaita daidai, ya ƙara da cewa, "In Allah ya yarda."

Na ce, "Baba, babu wannan a jimlar."

Ya ce, "To, a ina suke sa shi?"

Na bi littafin daga bango zuwa bango, ban gani ba.

Ya ce, "Ashe su an riga an nuna musu gobe. Kuma ni me zan je yi Darini? Na raba musu iri tuni."

Na ce, "Misali ne kawai, Baba. Ba zuwa za ka yi ba."

Ya ce, "Wato ƙarya za ka koya mini da Turanci, Malam ƙarami? Ubanka ya san abin da ka koyo a Katsina?"

In na bar shi ya ƙara "in Allah ya yarda", ina tsoron a lissafa masa kuskure. In na hana shi, ina jin nauyin abin a wuyana. Na so in juya kalmomin zuwa Turanci, amma ban san ko a farko ake sa su ko a ƙarshe ba, ni kuwa ba na koyar da abin da ban gani a buge ba. Daga ƙarshe muka shirya zai faɗi jimlar tsurarta, sauran ya cika a zuci.

Ranar gwaji na raka shi Safana, na tsaya kusa da taga. Baturen ya nemi jimla a kan gobe, dattijo ya kawo tamu ba gargada. Sai Baturen ya ɗaga kai, ya tambaye shi da Hausa, "Me za ka yi a Darini?"

Dattijo ya ce, "Zan duba gyaɗa, ranka ya daɗe."

Washegari, ana cikin hutun makaranta, na fito daga sallar asuba na tarar da shi a ƙofar gida da jakuna biyu.

Ya ce, "Na faɗa a gaban mutane, tsoro kuma ya mantar da ni na zucin. Kai ka sa mini ita a baki. Hau."

Na hau. Duk hanya ina ƙoƙarin bayyana masa bambancin misali da alkawari, ina bayani ina ƙara rikicewa, shi kuwa yana ta zungurar jakinsa.

Muna tsakiyar wata gonar gyaɗa a Darini da hantsi, yana juya ganye yana duba ƙwari, sai ga Baturen a kan doki, rangadi ya biyo da shi ta nan. Ya ja linzami, ya dube mu, ya ce, "Ashe ka zo."

Dattijo ya ce, "Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Bayan mako uku takarda ta zo an bar shi a kan aikinsa. Ba a rubuta dalili ba. Na karanta ta sau uku ina neman inda aka ambaci Turancinsa, ban samu ba. Shi ya ce jakin ne ya ci jarrabawar. Ni dai tun daga ranar, in zan ba ɗalibai misali a kan gobe, sai na zaɓi wurin da ƙafa za ta iya kaiwa.