Tafiyar da ba ta kai ni Argungu ba

Shekarar da likita ya ce jinina ya hau, shi ne ya ɗora ni a kan na'urar tafiya. Ya ce zaman ofis ya yi mini yawa, in riƙa taka ƙafa rabin awa kowace safiya ba tare da tsayawa ba. Ni kuwa kunyar yawo a titin Birnin Kebbi nake ji, don duk mai babur ɗin da ya gan ni a ƙasa sai ya tsaya ya tambaye ni ko motata ce ta lalace. Sai na sayi na'urar, na kafa ta a falo. Abu ne kamar doguwar tabarma baƙa mai gudu a ƙarƙashin ƙafa, kana ta tafiya, bango yana nan inda yake.

Wata huɗu ke nan rabona da Argungu, inda Baba yake. Kullum sai in ce sai Juma'a mai zuwa. Da ya gaji da jira, ranar wata Laraba ya shigo mota da ciwon gwiwarsa, ya zo mini da shinkafa 'yar gida da busasshen kifi. Na ji kunya ƙwarai.

Washegari ya dawo daga masallaci ya ɗan kishingiɗa, ni kuma na hau na'ura. Ina minti na goma ya shigo falon. Tun da na yi wayo ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, kullum sai na cire takalmi na durƙusa nake gaishe shi. Ranar nan kaina ya ɗaure. In na sauka, na karya dokar likita. In na ci gaba, ga ubana a ƙasa ina sama. Kafin in yanke shawara, bakina ya riga ni: na ce masa ina kwana, ina tafe, da takalmi, ina haki.

Ya dube ni, ya dubi bangon da ke gabana, ya leƙa bayana.

"Ina za ka?"

"Ba ko'ina, Baba. Motsa jiki ne."

"To mi kaka gudu?"

Na ce ba abin da nake gudu. Don in wanke kaina, na nuna masa lambobin da ke ƙirga nisan tafiya. Har da 'yar fariya na ce, "In aka haɗa na wannan watan, ai na isa Argungu."

Ya daɗe yana kallon lambobin, duk da bai iya karatun boko ba.

"Ashe ka taho," ya ce. "Mu dai ba mu gan ka ba. Da ana cewa zumunci a ƙahwa yake. Taka ƙahwar tana aiki, Allah ya sani."

Ya jawo kujera da ƙyar, ya ajiye ta daidai gaban na'urar, ya zauna ya ɗora hannu a gwiwar da ke ciwo.

"To ga ni kusa. Taho."

Ban san ko wasa yake ba, don fuskarsa ba ta nuna ba. Na ci gaba da tafiya ina fuskantarsa, gumi na zuba. Tsakaninmu bai fi taku uku ba, kuma na yi minti biyar ban rage ko ɗaya ba. 

Na danna jan maɓalli, na sauka, na cire takalmi, na durƙusa gabansa. Ya dafa kaina kamar yadda yake yi in na dawo daga makarantar kwana.

"Sannu da zuwa," ya ce. "Hanyar ga ta yi maka nisa."