Saratu, Wadda Ta Tsaya a Bayan Tifa

Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Ribah sai wani mai kabu-kabu ya tsaya a bakin taga, bai ko kashe babur ba. Na san shi, maƙwabcinmu ne a Zuru. Ya ce, "Malama Laraba, daga gida aka aiko ni. Ɗauko jakarki." Na tambaye shi ko jikin Mama ne ya tashi. Ya sunkuyar da kai. Na hau bayansa muka shigo gari, na tarar an riga an shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida.

Mahaifiyata Saratu matar soja ce, ta yi zaman bariki a garuruwa da dama. Da mahaifinmu ya tafi aiki Saliyo bai dawo ba, ta kwaso mu ta dawo Zuru, ta kama suyar ƙosai a bakin tasha. Wanda ya tsaya mana a lokacin shi ne ƙanenta, Kawu Danjuma, direban tifa, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Shi ya yi mana rufin kwano, shi yake nome mata gona. Ina faɗin wannan ne don a san nauyin abin da ya faru tsakaninsu daga baya.

A bayan gidajenmu akwai kwarin da ruwan dutse yake bi da damina. Nan kowa yake zubar da shara, har da mu. Da ledar ruwan sha ta fiya-wata ta cika gari, sai kwarin ya daina haɗiye abin da ake ba shi. Wata damina kwalbati ya toshe, ruwa ya juyo cikin unguwa, katangar ɗakin Inna Balki maƙwabciyarmu ta faɗi, aka zaro jikanta da karyayyar ƙafa. Bayan haka ruwan rijiya ya canza ɗanɗano, yara suka kama amai da zawo.

Mama ba ta jira kowa ba. Ta bi gida-gida, ta tara matan zumunta na majami'armu, Inna Balki ta kawo matan Islamiyya. Kowace Asabar suka riƙa shiga kwarin da fartanya da kwanduna. Ta koya musu raba shara tun daga tsakar gida. Toka da ɓawon doya da kashin awaki ana tara su a rami, manoman kan dutse su zo su kwashe taki. Gwangwani da ƙarfe na masu saye ne. Leda kaɗai ake ɗurawa a buhu a kai inda hukuma ta ware a bayan gari. Takan ce, "Abin da ƙasa za ta ci, ku ba ta. Wanda ba za ta ci ba, kada ku tilasta mata." In ta ga babba ya yar da leda a hanya ba ta yi masa faɗa. Sai ta duƙa a gabansa ta ɗauka, ta gaishe shi, ta wuce. Mutane da yawa sun ce mini da ma zaginsu ta yi.

Kwarin ya fara numfashi, sai kuma aka riƙa wayar gari da tulin sharar kasuwa a cikinsa, ga sawun babbar mota. Ba a daɗe ba aka gane tifar ɗan kwangilar da ke kwashe sharar kasuwa ce, kuma Kawu Danjuma ne yake tuƙa ta. Mama ta same shi a gidansa, ina tare da ita. Ya ce, "Yaya, man da maigida yake ba ni ba ya kai ni bayan gari. In na yi magana, gobe wani ne a kujerata." Ta ce, "Na ji. Amma rijiyar da 'ya'yanka suke sha in sun zo wurina, ita kake zuba wa." Ya yi alkawari zai daina. Bai daina ba.

Wata Asabar da safe mata suna cikin aiki, tifar ta shigo da baya, ƙila bai zaci zai tarar da kowa ba. Kafin a ankara samarin unguwa sun kewaye ta. Yayan yaron da katanga ta faɗo wa yana riƙe da galan ɗin fetur, wasu da duwatsu. Na ga Kawu ya ɗaga gilashi. Bayan motar ya riga ya fara ɗagawa, ruwan shara yana zuba ta ƙasan ƙyauren.

Mama ta ajiye fartanya, ta tako ta tsaya daidai inda kayan za su zubo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa mai galan, "Ɗana, ajiye wannan. Wanda ke cikin motar nan ni na goya shi. In za ku ƙona, ku fara da ni." Saurayin ya ce, "Mama, ki matsa. Ƙanena har yau yana ɗingishi." Ta ce, "Na sani, ni na riƙe shi aka ɗaura masa ƙafa. Ajiye." Inna Balki ta zo ta tsaya kusa da ita, sauran mata suka biyo baya har suka rufe bayan motar. Sannan Mama ta juya harshe zuwa yarenmu na C'lela, ta kira Kawu da sunan da uwarsu take kiransa, ta ce, "In ka ga zubawa ce mafita, zuba. Ga ni."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba, injin yana ruri, ba mai motsi. Daga baya bayan motar ya sauka a hankali. Inna Balki ta karɓi galan ɗin daga hannun jikanta, samari suka buɗe hanya. Kawu ya ja motar zuwa bayan gari.

Makon bai ƙare ba aka kori Kawu daga aiki. Mata suka kai kuka ofishin tsaftar muhalli har aka hana zuba shara a kwarin, amma shi bai sake taka gidanmu ba. Ya bar nome gonar. Duk Kirsimeti Mama takan aika masa da shinkafa da nama, a dawo da kwanon ba a buɗe ba. Ba ta taɓa barin a zage shi a gabanta ba. Takan ce, "Ni na tsaya wa rijiya, shi ya tsaya wa tukunyar gidansa. Kada ku raina tsoronsa." Na sha jin ta tana ambaton sunansa cikin addu'a.

Da ciwo ya kwantar da ita, an gaya mini yakan zo asibiti ya zauna a benci a waje, ya tambayi jikinta, ya tafi. Ba su yi magana ba har ta cika. Ranar jana'iza shi ya fara shiga kabari ya karɓe ta, ya daɗe a ciki sai da aka miƙa masa hannu.

Tun kwanciyarta leda ta fara taruwa a bakin kwalbati, ga damina ta kusa. Inna Balki ta ce mini a wurin zaman makoki, Asabar mai zuwa za su shiga, in zo da fartanyar Mama. Na ce zan zo.

Ubangiji Allah ya jiƙan Saratu, ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutawa a wurinsa. Ya ba mu 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta. Ya ƙarfafa matan da ta bari a bakin aiki, ya tsare yaran unguwa daga cuta. Ya sanyaya zuciyar Kawu Danjuma, ya sauke masa nauyin maganar da bai samu faɗa mata ba. Amin.