Ɗaurin Ɗan Ja a Gindin Tsamiya

Ranar wata Asabar da hantsi, a daminar da nake aji huɗu, na kai wa Baba fura a gonarmu ta bayan Adabka. Daga ni sai shi sai Ɗan Ja, karen da ke kore mana birai daga masara. Hankalina na kan ƙwaryar da ke kaina, ban lura yana barci tsakanin kunyoyi ba, na taka masa wutsiya. Ya zabura ya cafke ni a ƙwauri. Furar ta kife, ni ma na bi ta.

A gida, Inna ta zaunar da ni a bakin rijiya tana wanke ciwon da sabulu, guga bayan guga, har na bar kuka na koma rawar sanyi. Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa da maganinsa, wata ma ta ce a ƙona gashin karen a shafa tokar. Baba kuwa gora ya ɗauka zai koma gona ya kashe Ɗan Ja, domin kowa ya san wanda haukan kare ya kama ba ya tashi. A ƙofar gida ya ci karo da Malam Bala na ɗakin shan magani. "Alhaji, in ka kashe shi, wa za mu tambaya?" in ji shi. "A ɗaure shi. In ya ci gaba da ci da sha lafiya lau har na ce a kwance, to ba shi da hauka. Ita ko ɗiyar ga yau za ta fara allura, ba mu jiran shi." Allurar sai asibitin cikin gari, don haka na samu hawan babur mafi nisa a rayuwata, ina kuka ina kallon hanya.

Aka ɗaure Ɗan Ja a gindin tsamiyar ƙofar gida. Inna, wadda ba ta yarda kare ya gifta kusa da tukwanenta, ita ce ta koma aika masa da tuwo har da miya. Da safe kafin gaisuwa sai ta ce, "Ya sha ruwa?" Yara in an tashi makaranta su tsaya daga nesa, da ya sa harshe a kaskon ruwa su ɗauki ihun murna. Ran nan sai ya shinshina tuwon ya kau da kai. Inna ta taɓa goshina ta sake taɓawa, Baba ya dubi gorarsa. Can sai tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta ce, "Mi ya faru? Ai yanzu na ba shi ƙanzo." Ashe ban da namu, gida uku ke ciyar da shi, kowa a ɓoye, kowa don ni.

Yanzu ina birni, inda ake da likitan dabbobi da allurar karnuka, amma da wuya maƙwabci ya san sunan ɗiyata, balle ya damu da abin da ya cije ta. A waccan daminar dai, da na kammala allurata, Malam Bala ya ce a kwance Ɗan Ja. Ya koma gona da ƙiba, ba ya iya gudu, kuma a wannan shekarar birai ne suka ci rabin masarar.