Kwana Biyu, Uwata

Mahaifina mutum ne mai ƙirga kwanaki. Ya zo Talata Mafara daga ƙasar Zuru tun yana saurayi, ya samu aikin buɗe ƙofofin ruwa a magudanan noman rani, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa jin ya sakar wa wata gona ruwa a ranar da ba tata ba. Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a garin. Cocinmu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, in fasto bai samu zuwa ba Baba ke yin wa'azi. Ni ce mai karanta masa nassi, wai muryata ta fi ta yayyena fita. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa Uwata yake kirana.

Ilimin ƙasa na karanta, aka tura ni koyarwa wata sakandare a Bakura. Wani hutu na dawo gida da wani dutse mai layi-layi da na tsinto a gaɓar gulbi wajen Maradun. Lokacin kaina na hayaƙi, ina ganin duk gidan ba wanda ya san komai sai ni. Na dire dutsen a kan tabarmarsa, na ce masa wannan ya girmi duk mutanen da ke cikin Littafi Mai Tsarki, duniya kuwa ta haura shekara biliyan huɗu.

Bai yi faɗa ba. Ɗaki ya shiga ya ɗauko wata tsohuwar kalanda. A bayanta ya jera shekarun kakanni da fensir, tun daga mutum na farko, ya tara su tsaf: dubu shida da 'yan kai. Ya ce halitta kuma kwana shida ce, haka aka rubuta.

Dariya na yi. Har yau in na tuna sautinta sai in ji kunya ta rufe ni.

Ranar Lahadi na tashi zan yi karatu, sai na ga ya miƙa wa wata mata Littafin. Zuciya ta ɗebe ni, na haɗa kayana na koma Bakura. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, amma wata bakwai ban taka Mafara ba. Inna kan kira ni a waya, shi kuwa ko sau ɗaya bai kira ba. Ba daɗi nake ji ba. Da safe in koya wa ɗalibai yadda ruwa ke cin dutse a shekaru masu yawa, da yamma in buɗe Littafin in kasa wuce shafin farko. Tsorona shi ne dole in zaɓi ɗaya, kuma duk wanda na zaɓa na rasa wani abu.

Wata mai tallar nono ce ta buɗe mini ido ba da saninta ba. Ta yi wata uku ba ta zo ba, da ta gan ni sai ta ce, “Malama, kwana biyu!” Na tsaya riƙe da kwano. Ashe a bakinmu kwana yana miƙewa. Muna cewa kwana biyu muna nufin shekara, ba wanda ya taɓa ce mana maƙaryata. To me zai hana kwanan Allah ya fi namu tsawo? Na samu sauƙi ƙwarai a ranar. Sai dai maimakon in riƙe abin don kaina, na adana shi don ranar da zan kayar da Baba.

Da Inna ta ce jikinsa ya yi tsanani, na hau mota. Na same shi kwance a gindin darbejiyar tsakar gida, ya rame har na tsorata. Na durƙusa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Uwata, kwana biyu.”

Ko yaro ya san amsar wannan gaisuwa. Ni kuwa sai na ce, “Ka gani ko, Baba? Wata bakwai ne, amma ka ce kwana biyu. To haka kwana shidan nan yake.”

Ya lumshe ido. “Gaishe ki ni yi,” in ji shi. “Ashe gardama kinka zo yi.” Ya juya fuskarsa wajen katanga.

Na koma makaranta ranar Litinin da niyyar in dawo Juma'a in ba shi haƙuri. Alhamis ya rasu. Maƙwabtanmu Musulmi suka cika ƙofar gida. Wani dattijo, manomin shinkafa da suka yi shekaru suna faɗa da shiri a kan rabon ruwa, ya ce mini, “Ki yi hanƙuri, ɗiyata, kwana nai ya ƙare.”

Bayan an watse Inna ta miƙo mini Littafinsa. Kalandar nan tana ciki a ninke. A ƙasan lissafin kakanni akwai wani sabon lissafi, 'yan layukan fensir biyar-biyar. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce tun ranar da na fita yake jan ɗaya kowace safiya.

Na ƙirga: ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya san adadin sarai, bai ɓatar da ko ɗaya ba. Kuma da na shigo, kwana biyu ya ce.