Alamomin Kawu a Teburin Inji

Jiya wata tsohuwa daga Jiratawa ta maido mini kujera 'yar tsugunno da na yi mata. Ta ce, "Ɗana, ta yi tsayi. Wadda kawunka ya yi mini ba ta taɓa sa ni ciwon baya ba."

Marigayi Kawu ba ya awo da mita. A gefen teburin injinmu na yankan katako da gogewa ya tsattsaga alamomi da wuƙa: ta ƙofa, ta akwati, ta kujerar mata. Babban yatsansa ya goge su har sun yi sulɓi, suna ƙamshin maɗaci.

Ranar da na ƙara wa injin ƙarfi na sa masa teburin ƙarfe, ya ce, "Bar mini tsohon katakon nan." Na yi dariya gaban masu saye, na ce, "Kawu, yanzu zamanin santimita ne." Ya shafa katakon, ya fita. Da katakon aka dafa tuwo ran nan.

Yau mitata uku, amma ban san tsayin kujerar mata ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, ni kuma Ya yafe mini dariyar nan.