Idanun Wasilatu

Wasilatu 'yar Zangon Kumasi ce, shara take yi a filin jirgin Doha. Ba ta da kyau, kuma ta sani. Haƙoranta na sama sun turo, ga tabon ƙuna a haɓa. Idanu kawai Allah ya ƙawata mata.

Shekarar korona aka haɗa ta ɗaki a unguwar Madinat Khalifa da 'yan Indonesiya uku, babbarsu Wulan. Ba wurin zuwa bayan aiki, sai ɗaukar bidiyon kwalliya a tsakanin gadaje, ana sawa a intanet. Wulan kan naɗa mata mayafi, ta zizara mata kwalli, takunkumin korona ya rufe sauran fuskar. Masu kallo suka yi ta tambayar wace ce mai idanun nan. Wasilatu, wadda ko a bikin 'yan gidansu baya ake tura ta wajen hoto, sai ga ta a sahun gaba.

Daga baya wani yayi ya zo daga ƙasar su Wulan: 'yan mata sun rabu gida uku, masu baƙaƙen kaya, masu ruwan ƙasa, da masu launi mai ihu da ake kira 'yan kek. Ɗakinsu ya zama na 'yan kek, har da ita.

Ana gab da gasar cin kofin duniya aka janye dokar takunkumi. 'Yan ɗakin suka shirya ɗaukar bidiyon tafiyar rangwaɗa a kasuwar Souq Waqif, cikin baƙi 'yan kallon ƙwallo. Wasilatu ta ɗinka riga ruwan ƙwai, ta sa janbaki karon farko a Doha.

A bakin kasuwa Wulan ta miƙo mata takunkumi.

"Sista, sa wannan."

"Ai an daina."

"Da shi aka san ki."

"Yau dai da fuskata zan shiga."

Wulan ta dubi sauran, ta ɗaga kafaɗa. "Yalla, mu je."

Wasilatu ta yi tafiyarta tana murmushi, haƙora a waje.

Washegari a motar aiki ta buɗe bidiyon. Ga rigar, ga idanun. Daga hanci zuwa haɓa an manna mata hoton kek, yana bin ta duk inda ta juya. Ƙarƙashin bidiyon dariyar masu kallo ce a jere, da harshen da ba ta ji. Wulan na kujerar gaba tana amsa musu.

Har yau Wasilatu da takunkumi take shara, ita kaɗai a sashensu. In shugabarsu ta tambaya, sai ta ce mura ce.