Takardar Yabon Da Ta Rufe Mini Ido

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Sakkwato, ni dillalin albasa ne, kuma an san ni da abu guda: ba na sayen buhu sai an juye mini shi ƙasa, don na san ruɓaɓɓiya a tsakiya ake ɓoye ta. Da Allah ya buɗa mini, na gina ɗakuna biyu a gefen gidana a Badariya, muka buɗe Islamiyya saboda 'ya'yan unguwa. Ana cikin neman malami sai surukina ya kawo wani mutum mai sanyin murya, riƙe da takardar yabo daga dattawan wani ƙauye na ƙasar Argungu. Na ji nauyin surukina, ban tambayi mutumin komai ba. A ranar na miƙa masa makulli.

Bayan 'yan watanni, 'yata mai shekara tara ta fara ƙin zuwa makaranta, kullum ciwon ciki. Uwarta ta ce mini yarinyar nan tsoro take ji, in zauna in tambaye ta. Na ce lalaci ne kawai, har na riƙe hannunta na kai ta ƙofar aji. Wannan tafiyar ce take cina har yau.

Ranar kasuwar Argungu na je sayen albasa, sai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa ta tambaye ni ko gaskiya ne wane yana koyarwa a wurina. Da na amsa, ta ajiye mudunta ta ce in koma gida yanzu, albasa ba za ta gudu ba. Ta ce a garinsu aka kama shi yana taɓa yara, dattawa suka ce a rufa asiri, suka rubuta masa takardar nan don ya yi nisa da nasu 'ya'yan. Na dawo, uwar ta lallaɓa yarinyar har ta faɗi yadda malamin yake tsare ta in an tashi daga makaranta. Na karɓe makullina, na kai malamin gaban hukuma. Surukina ya roƙe ni in bar mutumin ya bar gari shiru. Na ce masa, Baba, haka aka yi mana, ni ba zan yi wa wani gari ba.

Tun daga nan, duk wanda zai zauna da yara a wurina, sai na taka da ƙafata har garin da ya baro, na tambayi iyaye mata, don su ne ba sa sa hannu a takarda. Iyaye, ku binciki kowa, ko wa ya kawo shi, kuma in yaro ya tsorata da mutum ku saurare shi. Na juye buhun albasa don kada a cuce ni, amma 'yata na miƙa ba tare da tambaya ɗaya ba.